Mai haɗa ponsh na Yelwa da jan abin shan bikin ƙawata

Tun ranar da aka watse daga bikin ƙawata mutane ke tambayata wai waye ya haɗa mana jan abin shan nan mai ƙamshin citta, har wata maƙwabciyarmu ta biyo ni gida da ragowar wanda ta ɗura a gora wai in ɗanɗana in faɗa mata me da me aka zuba. To gashi na zauna zan faɗi komai, mai daɗin da mara daɗin, dan akwai abin da ya faru a wajen wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, kuma asalin jan kalar nan ma daga nan ta samo, ba haka aka shirya ba tun farko.

Ƙawar tawa tun lise, wato sakandare, muke tare a nan Garwa ta arewacin Kamaru, Kirista ce 'yar ƙabilar Tupuri, mijin kuma ɗan kudu ne da aiki ya kawo shi. An ɗaura a meri, wato ofishin magajin gari, da safiyar Asabar, aka wuce coci, da yamma kuma liyafa. Ƙarshen Afrilu ne, wanda ya san Garwa ya san me hakan ke nufi, zafi ya haura 40, iska ma in ta kaɗo kamar daga bakin tanda take fitowa. An gayyaci mutum wajen 200 kuma kusan rabi musulmi ne, 'yan ajinmu, abokan aikin ango, maƙwabtan iyayenta da suka zauna tare shekara da shekaru. Mamanta ta kira ni tace 'yata, ke kika san mutanenki, abin shan ɓangarenku yana hannunki, bana so ko mutum ɗaya ya zo bikin 'yata ya koma da ƙishi ko ya koma da zargi a ransa. Maganar nan ta zauna min sosai.

Ni da farko cewa nayi a sayo kiret kiret na lemun kwalba irin su Top da Djino da ruwan gora na Tangui a huta, kowa ya buɗe kwalbarsa da hannunsa ba wani kokwanto. Amma dangin ango sun riga sun ce su ponsh suke so, irin na rom, mai ƙarfi mai zaƙi wanda ake zubawa a babban mazubi kowa ya ɗiba, kuma sun riga sun samo mai haɗawa, wani saurayi a unguwar Yelwa da ya taɓa aiki a otal a Duwala. Ƙawata tace ai yana yin wanda babu giya ma, kuma an ce ya iya. Nace sai na gani da idona.

Na san akwai masu cewa me ya kai ki, 'yar musulmi, wajen mai haɗa giya. Tambayar tana kan hanya kuma ni ma na yi wa kaina ita. Ban sha ba, ban ɗauka ba, ban zuba wa kowa ba, kuma ko dala tawa bata shiga kuɗin rom ba, dan na san hukuncin bai tsaya kan mai sha kaɗai ba, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Amma a garin nan tare muke zaune, kasuwa ɗaya, asibiti ɗaya, bikinsu muna zuwa namu suna zuwa, in ban je na duba ba to goggonnina da yaran yayata ne zasu zauna a wajen su sha abin da basu san yadda akayi shi ba. Shi yasa na je.

Ranar Laraba na hau moto na same shi. Bashi da shago, ɗaki ne a gidansu ya gyara, firiza biyu, tebur na ƙarfe, ƙasa a share tas babu ƙuda babu warin tsami irin wanda kake ji a wasu wuraren masu jus. Abu na farko da ya nuna min tun kafin in tambaya shine kayan aikinsa kashi biyu ne. Bokitai, ludayi, rariya, wuƙa, allon yanka, kofin awo, kowanne biyu biyu, kashi ɗaya an naɗa masa shuɗin salatif a mariƙi ɗayan kuma babu. Yace Adda, masu shuɗin nan giya bata taɓa taɓa su ba tunda na saye su, ko soson wankinsu daban ne. Nace me yasa ka damu haka, yace kakarsa ta wajen uwa musulma ce kuma a hannunta ya tashi, in ya haɗa abu ita ce ke fara ɗanɗanawa, to ba zai ba ta abin da yake shakka ba. Daga nan hankalina ya fara kwanciya.

Sai ya zauna yayi min bayanin na rom ɗin, dan nace ina so in san me za'a ajiye kusa da mutanena. Rom daga rake ake yin shi. In an matse rake an dafa an cire sukari akwai wani baƙin ruwa mai kauri mai danƙo da ke saura, shi ake barin ya ruɓa ya tashi sannan a dafa a tara tururin, yawancin rom na duniya haka akeyi. Wasu kuma kamar na Martinik da Gwadalup daga ɗanyen ruwan raken kai tsaye suke yi, shi ne wanda ake rubuta agricole a jikin kwalbar. Akwai fari akwai mai duhu wanda ya kwana a gangar katako. Abin ya ban mamaki, raken nan dai da muke saya a bakin hanya muna tsotsa, wanda ake sukari da shi a Mbandjock da Nkoteng nan Kamaru, a Cadi kuma a Banda kusa da Sarh. Ƙarfin rom na kwalba yawanci 40 ne cikin 100, alhali biya da suke sha wajen 5 ce, akwai ma wani rom da ke kaiwa 75 cikin 100 wanda yace shi baya ko shigo da shi wajen biki.

Awon da yake bi tsohon awo ne na mutanen Barbados, ɗaya na tsami, biyu na zaƙi, uku na ƙarfi, huɗu na sassauci. Wato kofi 1 na ruwan lemun tsami, kofi 2 na siro ɗin sukari, kofi 3 na rom, kofi 4 na ruwan 'ya'yan itace, abarba da lemun zaƙi da gwaiba da fasiyon. Sai ɗan siro na grenadine wanda saboda nauyinsa yake gangarawa ƙasan kofi yayi ja, sai kirfa, sai a kankare gyaɗar ƙamshi a sama. Yace masu Faransanci Planteur suke ce wa irin wannan, kuma kwana ɗaya yake yi a firiza kafin a sha dan kayan ƙamshin su ratsa. Na lita 20 da dangin ango suka nema lita 6 na rom zai ci, kwalba 9 kenan masu santilita 70.

A nan ne ya ɗauko biro yayi min wani lissafi a bayan kwali wanda nake so duk mai shirya biki ya ji, ko yana sha ko baya sha. Kashi 3 cikin 10 rom ne mai ƙarfin 40, to haɗin gaba ɗaya ya tashi 12 cikin 100, ya ninka biya har da ɗori. Kofin roba ɗaya mai santilita 25 yana ɗauke da tsagwaron giya santilita 3, babbar kwalbar biya mai santilita 65 kuma santilita 3 da ɗan kaɗan. Kenan kofi ɗaya kusan babbar kwalba guda ce. Bambancin shine kwalbar biya tana da ɗaci tana cika ciki mutum yana ɗaukar lokaci kafin ya gama, shi kuwa wannan sanyi ne da zaƙi da ƙamshin abarba, cikin zafin Afrilu mutum zai shanye kofi uku a tsaye yana hira bai san ya sha kwalba uku ba, sai ya tashi zai hau moto ya tsallaka gadar Binuwai ƙafa ta ƙi. Yace zaƙin ne haɗarin, sukari yana rufe kaifin giyar a baki amma baya rage giyar da ke cikin kofin. Har ya bani labarin wani haɗi mai suna Zombie da aka ƙirƙira a Holiwud ta Amurka a 1934, rom kala kala a kofi ɗaya, wanda mai mashayar da kansa ya sa doka ba'a ba mutum fiye da kofi biyu. Yace shi ma dokarsa kenan kuma yana faɗa wa masu biki tun kafin a biya shi, wanda bai yarda ba ya nemi wani.

Ni dai abin da na ɗauka daga wannan bayanin shine abin nan a ido da hanci jus ne. Yaro ba zai gane ba, tsohuwa ba zata gane ba. Na faɗa masa haka, yace kar in damu akwai alama, duk kofin rom zai maƙala masa yankan lemun tsami a baki, namu kuma babu. Na yarda. Da ban yarda ba.

Yanzu namu. Gaskiya a nan ne ya burge ni, dan yawancin masu irin wannan sana'ar in ance ayi wanda babu giya sai kawai su juye jus na kwali su zuba siro su miƙo, zaƙi kamar zai tsinke haƙori, kana sha ƙishi na ƙaruwa. Shi kuwa awon nan na 1, 2, 3, 4 ya riƙe, sai dai a gurbin kashi uku na ƙarfi ya dafa ɗanyar citta mai yawa da kanumfari da ganyen shayi baƙi har yayi kauri, ya tace ya huce. Yace abin sha in babu abin da zai ɗan cije ka a maƙogwaro to ruwan alewa ne, manya basa jin daɗinsa. Kashi huɗun kuma abarba ce rabi, sai mangwaro tunda lokacinsa ne ya cika gari, sai fasiyon kaɗan dan ƙamshi. Siro ɗin ma da kansa yake dafawa, sukari da ruwa daidai wa daida, da ɓawon lemun tsami a ciki.

Ya haɗa min kofi ɗaya a gabana da kayan masu shuɗin salatif. Kurɓar farko tsamin ne ke fara zuwa, ba mai sa ka yamutsa fuska ba, irin mai buɗe baki, sai zaƙin abarba ya biyo, mangwaron ya bashi jiki yana da ɗan kauri a harshe, can bayan ka haɗiye sai cittar ta taso a hankali ta ɗumama maƙogwaro alhali bakinka yana sanyi. Shayin baka jin shi a matsayin shayi, sai dai wani ɗan bauri a ƙarshe wanda ke wanke zaƙin ya sa ka so ƙari. Na sha abubuwa da yawa a garin nan, daga folere, wato zoɓo, na ƙulli har jus na manyan gidajen abinci, ban taɓa shan wanda aka yi wa tunani haka ba. Nace ƙanina zuba min wani, ya zuba.

Wani abu da ya faɗa wanda ya ƙara min yarda da shi, namu baya kwana. Yace ɗanyen ruwan abarba da sukari in ya zauna cikin zafin nan musamman in wuta ta ɗauke firiza ta huce, da kansa yake fara tashi yana kumfa, ruɓawar da ke haifar da giya kenan, to shi ba zai ɗauki alhakin wannan ba, ranar bikin da asuba zai matse. Kuma abarbar tasa daga kudu take zuwa, jirgin ƙasa ya kawo Ngaundere sannan mota ta gangaro da ita kusan kilomita 280 zuwa Garwa, dole ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya dan wasu kan iso sun bugu sun fara laushi. Na tambaye shi irin mai kwakwa ɗin nan fari da nake gani a hotuna, piña colada na Fuwato Riko, ko za'a iya yi ba rom, yace ana yi sosai amma da madarar kwakwa, kar in kuskura in haɗa ɗanyar abarba da madarar shanu in ajiye, tsinkewa take yi tayi ɗaci. Bai bani shawarar shi a bikin ba saboda zafi, yace mai madara baya jure zama.

Kuɗi, lita 40 ya yi mana a jaka 70 ta sefa, da ƙanƙara da kofuna da kawowa, kofi 160 kenan. Mu 'yan ajinmu musulmi muka haɗa a matsayin gudummawarmu, na tura masa rabi ta waya rabi sai ranar, kuma takardarmu daban ya rubuta, ta dangin ango daban. Ya fi kiret tsada babu musu. Amma na ga abarbar, na ga cittar, na ga aikin, ban ji an cuce ni ba.

Ranar biki ya makara. Ance ƙarfe 4 sai 5 saura ya iso a keke mai ƙafa uku, yace wajen ƙanƙara ne aka riƙe shi dan unguwar da yake saye sun kwana ba wuta sai da ya zagaya wani wuri. Na san halin wutar garin nan a bazara ban ga laifinsa sosai ba, amma mai sana'ar sanyi ya kamata ya tanadi ƙanƙararsa tun jajibiri tunda yana da firiza biyu, na faɗa masa kuma ya karɓa. Ƙanƙarar manyan dunƙule ya kawo ba ƙanana ba, yace babba ta fi daɗewa bata narke ta tsinka haɗin ba, kuma gaskiya ne har bayan isha'i akwai sauranta a mazubi. Ya kafa tebur biyu, nasu can kusa da masu kiɗa namu kusa da ƙofa, tsakaninsu tazara mai kyau, ya sa ƙaninsa a namu shi ya tsaya a nasu.

Matsalar ita ce kala. Duk biyun ruwan ɗorawa ne mai ja a ƙasa, kofunan roba iri ɗaya farare. Kuma masu rabawa ba yaransa bane, 'yan matan dangin ango ne da suka zo daga kudu, babu wanda ya tara su ya faɗa musu zancen yankan lemun tsami, shi yana ganin ni zan faɗa ni ina ganin shi zai faɗa. Ana cikin hidima amarya ta shigo kowa ya miƙe ana guɗa ana liƙi, sai wata yarinya ta ɗauki tire daga teburin can ta ratso cikin mutane, garin turereniya lemun tsamin duk ya zube a tiren, ta nufo teburin da Goggo take zaune da yaran yayata. Ni ina can wajen amarya ina gyara mata mayafin rigarta ban gani ba. Ihunsa kawai naji, Adda! Adda! Tsaya! Na juyo na gan shi ya bar teburinsa a guje yana ture kujeru, ya iso daidai ɗan yayata mai shekara 9 ya ɗaga kofi, ya fizge kofin har ya zube masa a shadda. Goggo ita ma nata yana hannunta bata kai baki ba tana jira ta gama amsa gaisuwar wata. Ashe tirensa ya gane daga nesa, na ƙarfe ne namu na roba.

Wallahi ƙafafuna rawa suke. Yaron ya fashe da kuka dan ya tsorata, Goggo ta ajiye kofin a hankali tana salati, yarinyar da ta kawo ita ma kuka, bata san komai ba baiwar Allah. Na dube shi nace ƙanina wannan ce alamar taka? Bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya. Ya durƙusa har ƙasa gaban Goggo yace Goggo ki yafe min laifina ne, ita kuma tace tashi ɗana, Allah ya tsare, amma ka gyara.

Abin da yayi bayan nan shi yasa nake wannan rubutun maimakon in ce kar kowa ya neme shi. Ya sa aka tsayar da rabo gaba ɗaya. Duk kofin da aka riga aka zuba wanda ke kan tire ko kan tebur ba'a san daga ina yake ba, nasu da namu, ya sa aka kwashe ya zubar a kwata, sun kai 60, asararsa ce bai ƙara mana ko dala ba. Yana da dafaffen zoɓo mai kauri a gora cikin kula wanda ya kawo dan ado, folere dai, ya juye shi duka a mazubinmu ya gauraya da ludayi mai shuɗi, nan take ya koma ja wur kamar garura, ko daga bakin ƙofa ka hango ka san wanne ne. Na rom kuma ya hana a ɗora shi a tire kwata kwata, ya karɓo kofunan gilashi daga masu wurin, mai so ya taso da ƙafarsa ya zo teburin ya karɓa daga hannunsa. Sannan ya je wajen mai makirfo ya sa aka sanar da Faransanci da Fulatanci da Hausa, ja a kofin roba babu giya, ruwan ɗorawa a gilashi akwai. Duk wannan bai kai minti 20 ba.

Kuma zoɓon ya ƙara masa daɗi, abin da ban zata ba. Tsaminsa daban ne da na lemu, ya fi zurfi, ya haɗu da cittar kamar dama can tare aka halicce su, ai mun saba zoɓo da citta da kanumfari tun muna yara, sai abarba da mangwaro suka zo suka zauna a kai. Goggo da nake tsoron ba zata ƙara taɓa komai a wajen ba sai da ta sha kofi biyu, bayan ta sa ni na sha a gabanta. Har dangin ango da yawa suka dawo teburinmu, matan musamman, wata tanti tace ita wannan ya fi mata dan gobe da sassafe zata kama hanyar Ngaundere.

Na can ɗin ban san ɗanɗanonsa ba kuma bana neman sani, abin da zan iya faɗa shine abin da na gani da wanda aka faɗa min. Wan ango yace rabon da ya sha mai kyau irinsa tun Duwala, baya hawa kai da ciwo kamar na leda da ake sayarwa a shaguna. Na kuma ga ya riƙe dokarsa, wani mutum ya dawo karo na uku ya hana shi, mutumin ya ɗaga murya yana cewa shi baƙon ango ne, shi kuwa ya miƙa masa ruwa mai sanyi da jan namu yana bashi haƙuri har ya tafi. Ƙarfe 10 ya rufe mazubin rom ɗin duk da akwai saura, dan a samu tazara kafin mutane su hau moto. Wasu sun ji haushi, ni naji daɗi, dan hanya ɗaya zamu bi da su mu koma gida.

Inda ya gaza bayan makara da zancen kala, zubi na biyu na namu da ƙaninsa ya haɗa wajen ƙarfe 9 bai kai na farko ba. Lemun tsami ya ƙare saboda wanda aka zubar, yaron ya cike da siro, sai zaƙi ya rinjayi komai cittar ma ta ɓace. Wanda ya sha na farko ya gane, wanda ya zo a makare bai sani ba yana ta yabo. Sannan kofunan robar sirara ne suna lanƙwashewa a hannu, an ɓata wa mutane kaya da jan zoɓo kuma kun san zoɓo a farar shadda. Ya kamata wanda ke karɓar jaka 70 ya sayi kofi mai kauri.

Washegari da yamma ya zo har gida da ƙafarsa, ya kawo wa ɗan yayata gora guda ta jan haɗin da kuɗin wankin shadda, yayata ta ƙi karɓar kuɗin ta karɓi gorar. Yace daga yau ya daina yin kala ɗaya a biki ɗaya, kuma masu rabo shi zai riƙa zuwa da nasa ko ya tara na masu biki ya yi musu bayani kafin a fara. Na tambaye shi awon zoɓon dan maƙwabciyata, yace a lita 10 na haɗin a zuba lita 1 na zoɓon da aka dafa da kauri ba sukari, kuma a rage lemun tsami kaɗan tunda zoɓon ya kawo nasa tsamin.

Walimar ƙanwata bayan babbar sallah na riga na bashi, lita 50, ja zalla, tebur ɗaya. Na ce masa ƙanƙara tun jajibiri, lemun tsami ya ninka, kofi mai kauri, kuma shi da kansa zai haɗa zubi na biyu ba ƙaninsa ba. Ya rubuta duka a takardar ya sa hannu, Goggo kuma tace a gaya masa ya ƙara citta.